Kwamfutar da Ke Tashi Ƙarfe Huɗu

Akawu bai taɓa sayen sabon abu ba muddin akwai tsohonsa a kasuwa. Firjin gidansa wani kantin magani ya fara yi wa bauta. Kujerun falo kuwa daga ɗakin jiran wani likitan haƙori suka fito, shi ya sa baƙo in ya zauna a kansu sai ka ga ya dafe kunci yana satar kallon ƙofa. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana buga hatimi a ofis kafin a ce ya je ya huta, sunan aikin kuma ya biyo shi gida. Ko matarsa Malama, in ya ƙure ta, Akawu take kiransa.

Ana nan sai Auta, 'yarsu ta ƙarshe, wadda ta gama karatun zanen gine-gine ta shekara guda a zaune, ta samu kira daga wani kamfani. Za su yi mata intabiyu ta bidiyo nan da wata ɗaya, ranar Alhamis, ƙarfe huɗu saura kwata. Sharaɗinsu shi ne ta buɗe zanenta a kwamfuta a gabansu, ta jujjuya ginin su ga ciki da waje. Gidan babu kwamfuta. Manhajar da ake zanen da ita kuwa, da Auta ta faɗi kuɗinta sai da Akawu ya ce ta maimaita, sannan ya nemi ruwa.

"Ki bar min wannan," ya ce.

Malama ta ɗago daga takardun ɗalibanta. "Haka ka ce ranar firji."

"Firji yana sanyi ko ba ya yi?"

"Yana yi. Har yau duk abin da na saka ciki da warin maganin tari yake fitowa."

Shagon da ya nufa a ƙarƙashin matattakalar wani bene yake. Mai shagon kowa Ba Matsala yake kiransa, don da ita yake gaisuwa, da ita yake ciniki, an ce ranar da rufin shagon ya rufto ma ita ya fara faɗa daga ƙarƙashin katako. Tsofaffin kwamfutocin ofis ne jibge daga ƙasa har sama kamar bulo, kowacce da tabon takardar lamba a goshi.

"Baba, ka zo a sa'a." Ya zaro wata baƙa siririya mai kaurin littafin rajista, ya hure mata ƙura. "Wannan daga kamfanin masu zanen gini ta fito. Kamfanin ya rushe ya bar marayu arba'in, ita ce babbar yayarsu. Manhajar da 'yarka ke nema tana ciki, da lasisinta, ba a goge ba. Kwamfutar kawai za ka biya. Manhaja kyauta."

Kalmar kyauta ita ta gama da Akawu.

"Sai dai abu ɗaya, Baba. Kar ka bar kowa ya wanke mata kai. Ranar da aka goge aka sake lodi, manhaja ta tafi ke nan, ba ta dawowa."

Ya ɗora masa tsohon allon kwamfuta da wata firinta da ya ce kotu ce ta yi gwanjonta. Akawu ya shigo gida da kayan a kai da hammata, yana tafiya irin ta wanda ya ci ciniki.

Ranar farko ginin Auta ya buɗe, ya kuma juya, amma a hankali, kamar dattijo mai ciwon wuya. Can da yamma tana tsakiyar aiki allo ya yi baƙi, fankar ciki ta ja dogon numfashi ta tsaya. Aka danna. Kwamfuta ta buɗe ido, ta duba ɗakin, ta koma. Aka sake dannawa, haka. Ba ta yarda ta yi aiki ba sai washegari da safe.

"Ba matsala," in ji Ba Matsala. "Ram ce. Ƙwaƙwalwarta ƙarama ce, aikin ya yi mata yawa, suma take yi."

Ya ciro ram biyu daga cikin wata marainiyar ya ƙara mata. Ginin ya fara juyawa da ɗan kuzari. Da yamma ta mutu.

"Katin hoto ne. Zane yana son katinsa daban."

Aka sayo kati na hannu, sai ga shi ya fi kwamfutar tsayi. Murfi ya ƙi rufuwa. Akawu ya ari zarto wurin kafintan layinsu, ya shimfiɗa jarida a tsakar falo, ya yanka wa murfin taga. Katin ya leƙo ta sama kamar zankon zakara. Da yamma ta mutu.

"Akwatin wuta ne, Baba. Katin nan maci ne, wutar ba ta isarsa."

Sabon akwatin wutar ko kusa bai shiga cikinta ba, saboda haka aka zaunar da shi a gefe kan kujerar tsugunno ta Malama, aka ja wayoyi ta tagar da aka yanka. Da yamma ta mutu.

"Zafi ne."

Fankar ɗakin kwana ta koma gadin kwamfuta, Akawu da Malama suka koma firfita da kwali. Ta mutu.

"To faifan ajiyar ne, ya tsufa. Zan sa mata na zamani mai sauri. Kar ka damu da manhaja, kwafe komai zan yi, ko ɗigo ba zan bari ba. Ita kanta ba za ta san an yi ƙaura ba."

Ya cika alkawari. Yanzu kafin ka zauna ta gama tashi, ginin kuma yana juyawa har sai ka ji jiri. Teburin Auta ya koma kamar gadon tiyata: mara lafiya a buɗe, kayan ciki a waje, fanka na kaɗa mata iska. Da yamma ta mutu.

"Malam," in ji Malama, "da za ka haɗa abin da ka kashe zuwa yau…"

"Ba na haɗawa."

"Na sani. Cewa na yi da."

A lokacin ne Akawu ya fara zargin matarsa. Ya lura kusan kullum tana dawowa daga makaranta, ta buga ƙofa, sai Auta ta yi ihu daga ɗaki. Ya yanke hukunci cewa girgizar ƙofa ce ke motsa wata waya. Ya roƙe ta ta riƙa shigowa a hankali. Ta shigo a hankali, kwamfuta ta mutu. Ya ce ta cire takalmi tun daga waje. Ta cire, ta shigo a kan yatsu kamar ɓarauniya a gidan aurenta na shekara talatin, jaka a rungume, kwamfuta ta mutu.

Malama ta ajiye takalman a gabansa.

"Akawu. Ni ƙarfe nawa nake dawowa?"

"Huɗu."

"Kullum?"

"Kullum."

"To gobe zan kwana a makaranta, mu ga ko za ta rayu."

Ba ta kwana ba, amma ta nemi izini ta dawo da wuri. Su uku suka jera a bakin gadon Auta, agogon bango a cinyar Akawu. Huɗu saura biyar. Saura biyu. Dogon hannun agogo na taɓa sha biyu, allo ya yi baƙi, fanka ta ja numfashi. Akawu ya duba sai ya ga hannunsa na dama ya riga ya kai kan hularsa, ya ma fara miƙewa, kamar yadda ya yi shekara ashirin da bakwai.

Ya koma ya zauna.

"Ba suma take yi ba," ya ce a hankali. "Tashi take yi daga aiki."

Saura kwana takwas intabiyu. Aka ɗauko Ba Matsala har gida. Ya tona nan, ya tona can, sannan ya ɗago.

"Kamfanin da ta fito ne ya sa mata doka, don tsimin wuta. Ƙarfe huɗu kowa ya kashe ya tafi gida. Dokar a cikin faifai take."

"Ai mun canza faifai," in ji Auta.

"Mun canza, ƙanwata. Na kuma ce miki ko ɗigo ba zan bari ba."

"To cire dokar," in ji Akawu.

"Sai da kalmar sirrin manajansu."

"Ina manajan?"

"An ce kaji yake kiwo yanzu, ba a dai san a wane gari ba."

"A mayar mata da agogonta baya. Ta ɗauka rana ba ta yi ba."

"Agogon ma a kulle yake, Baba. Da alama ma'aikatansu sun taɓa gwadawa, gaba suke turawa."

"A goge komai."

"Manhaja ta tafi."

Ba Matsala ya tattara sukuddirebobinsa ya sa a aljihu.

"Ba matsala," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Mafita ce kawai babu."

Bayan ya tafi Akawu ya ba da shawarar a roƙi kamfanin su mayar da intabiyun safe. Auta ta dube shi da jajayen idanu.

"In ce musu me, Baba? Kwamfutata ma'aikaciyar gwamnati ce? Mutum goma sha biyu suke gani ranar, kowa da lokacinsa. Minti goma sha biyar zan samu, ko gaisawa ba mu gama ba za ta ɗauki jakarta." Ta juya fuska bango. "Shekara guda ina jira."

Akawu ya fito ya zauna a kujerar likitan haƙori, ya dafe kunci.

Ranar Litinin Malama ta dawo da wuri da tambayoyin jarrabawar aji uku, ta ce tunda an mayar da gidanta kantin gyara, bari ko firintar ta mora. Firintar kotu ba ta gaggawa. Takan ja takarda, ta yi tunani, ta yi gyaran murya, sannan ta fitar. Akawu yana falo ya ji hannunsa ya kai kan hula. Ya saurara. Fankar kwamfuta na juyawa. Ya leƙa: huɗu da minti bakwai, allo a kunne. Huɗu da kwata, a kunne. Da ashirin takarda ta ƙarshe ta faɗo. Minti ɗaya bayan haka allo ya yi baƙi.

Akawu ya cire hular ya riƙe a ƙirji.

"Kun gani? Tarbiyya ke nan. Ba ta tashi ta bar takarda a bakin inji. A ofishinmu mutum biyu ne kawai muke da wannan halin, ɗayan ya rasu."

Talata da Laraba aka yi gwaji. Muddin firinta na aiki, kwamfuta na zaune. In firinta ta yi shiru na minti ɗaya cur, ko don takarda ta ƙare ko don ta maƙale, kwamfuta ta tafi. Aka samo doguwar waya aka fitar da firintar baranda, bayan ƙofa, aka lulluɓe ta da bargo saboda ƙara. Akawu ya auna da agogo: takarda shida a minti. Intabiyun rabin awa aka ce, don haka daga huɗu zuwa huɗu da kwata casa'in, a ba su rarar kwata don surutu, ɗari da tamanin. Ya sayo ɗari biyu.

"Ka sayi rim guda mai ɗari biyar mana," in ji Malama.

"Ɓarna."

Saura abin da za a buga. Auta ta ce a sa ɗigo ɗaya a shafi, ya wadatar. Akawu ya ce a rayuwarsa takarda ba ta taɓa fita daga hannunsa babu kai babu lamba ba. Ya zauna da yatsa biyu ya rubuta: Zuwa ga Kwamfuta, ta hannun Firinta. Neman izinin ƙarin lokacin aiki. Cikin girmamawa nake roƙon a daure a zauna bayan lokacin tashi, bisa wani uzuri na iyali. Ya sa lamba da kwanan wata, ya bar wurin sa hannu. Auta ta ce wa kwamfuta ta buga kwafi dubu biyu, don kar aikin ya ƙare.

Ranar Alhamis Auta ta yi shiga ta mutunci, ta jera littattafai a bayanta, ta juya kyamara yadda ba za a ga kayan cikin mara lafiya ba. Huɗu saura kwata ta zauna. Kamfanin bai shigo ba. Saura goma, shiru. Sai huɗu saura biyu Akawu ya ji muryar wata mata ta cikin ƙofa tana ba da haƙuri. Ya ɗaga bargo, ya zuba takarda, firinta ta yi gyaran murya ta fara.

Ƙarfe huɗu ya wuce lafiya. Akawu a tsugune yana ciyar da inji, Malama a kan benci tana tara wasiƙun. Huɗu da kwata ya ji dariya daga ɗakin, dariyar mutum uku. Ransa ya yi fari. Da ashirin da biyar ya ji wani namiji ya ce, "Madalla. Nuna mana hawa na biyu." Ya dubi ragowar takardar.

"Hawa nawa ta zana?" ya tambaya cikin raɗa.

"Tara."

"Wa ya aike ta?"

Huɗu da rabi da minti ɗaya farar takarda ta ƙare. Ya kwashi waɗanda aka buga zai mayar ta baya, amma sun fito da ɗumi, sun nannaɗe kamar ganye a rana.

"Zauna a kansu."

"Me ka ce?"

"Malama, don girman Allah zauna a kansu, ke ce mai nauyin."

Ta yi masa wani kallo da ya san zai biya daga baya, ta zauna. Haka suka kama: firinta ta fitar, Malama ta danne, ta zaro daga ƙasa ta miƙa masa, ya mayar. Suka kai hawa na huɗu a haka. A hawa na biyar firinta ta yi wani kuka ta tsaya, jar fitila na ƙiftawa.

"Ɗaya, biyu, uku," Malama ta fara ƙirga da muryar aji. Akawu ya buɗe bayan injin, takarda ta cukuikuye a tsakanin robobi. Ya ja, ta yage. "Ashirin da biyu, ashirin da uku." Ya sa farce, ya sa cokali, ya sa haƙori. "Arba'in da takwas." Ya fisgo guntun ƙarshe, ya maida murfi da gwiwa. A hamsin da shida firinta ta yi tunani, ta yi gyaran murya, ta ja takarda.

"Ba za ta ƙara cin amanta ba," ya ce, tawada har gemu. "Sabuwar cima take so. Duk takardar da ke gidan nan, kawo."

Malama ta kawo amsoshin ɗalibanta na zangon bara. Suka tafi. Ta kawo takardun wuta da na ruwa na shekara shida, waɗanda Akawu ya adana bi da bi. Suka tafi. Takardar garantin firji, wadda ta mutu tun kafin a saye shi. Ta cikin ƙofa matar nan tana cewa, "Wannan matattakalar ta burge ni. Me ya sa kika sa ta a nan?" Auta kuma ta gyara murya ta shiga bayani, tiryan-tiryan, ba gaggawa.

Akawu bai taɓa zaton zai tsuguna yana fatan a daina yabon 'yarsa ba.

"Hawa na nawa?"

"Bakwai. Takarda kuma saura goma."

Ya tashi da gudu, gwiwoyinsa na ƙara. A saman kwaba akwai wata jakar fata da ba mai taɓawa. Ya sauko da ita, ya zazzage a barandar: takardar ɗaukarsa aiki, takardun ƙarin girma guda huɗu, tuhuma biyu da amsoshinsu, shaidar kwas ɗin adana fayil, wasiƙar yabo ta shekara ashirin, takardun hutu tun na samartaka. Duk a miƙe suke sumul, ko lanƙwasa babu.

"Malam," in ji Malama. Wannan karon ba da faɗa ba.

"Ta baya za a buga. Ba abin da zai same su."

Ya zuba. Ta farko da ta fito ita ce wasiƙar yabo. Ya ɗaga ta. A gaggauce ya kifa su ba daidai ba: a kan sa hannun babban darakta, a kan jan hatimin da shi da kansa ya buga, ga shi baƙi ƙirin, cikin girmamawa nake roƙon a daure a zauna. Ya miƙa hannu zai juya sauran, sai ya tuna juyawa na nufin zare tiren takarda, zare tire na nufin shiru. Ya janye hannun. Ya zauna dirshan yana kallon aikinsa na shekara ashirin da bakwai yana wucewa, shida a minti.

Takardar hutu ta ƙarshe tana shiga, ƙofa ta buɗe. Auta ta tsaya tana kallonsu: uwarta zaune kan tulin wasiƙu, ubanta da cokali a hannu da baƙin baki. A bayanta fankar kwamfuta ta ja dogon numfashi. Biyar da minti goma sha ɗaya.

"Sun ɗauke ni," ta ce.

Malama ta yi tsalle, takardu suka watse. Akawu ya so ya yi magana, tawada ta shaƙe shi, ya yi ta gyaɗa kai.

"Sai dai wata ukun farko daga gida zan yi aiki, a kwamfutata. Sun ce sun ga tana da sauri. Suna tashi ƙarfe shida, Baba."

"Kullum?"

"Litinin zuwa Juma'a."

Akawu ya dubi firinta. Ya ɗaga bargon ya taɓa gefenta, da zafi. Leɓensa na motsi: shida a minti, awa biyu.

"To ka ji," in ji Malama tana tsince takardu. "Ɗiya ta samu aiki, uba ya samu."

Ya miƙe, ya kakkaɓe wandonsa, ya auna faɗin barandar da taku.

"Tebur ƙarami zai shiga nan," ya ce. "Da kujera mai majingina, ba zan yi wata uku a tsugune ba. Akwai wata makaranta da aka rufe a bayan tasha, na ji an ce suna gwanjon kaya."